Sanƙarau: su wa suka yi binciken, kuma me kowa ya zo nema?

Dakta Hadiza:
Assalamu alaikum. Ɗalibai na yawan tambaya wane fanni mutum zai karanta in yana son ya yi bincike kan bakteriya da garkuwar jiki. Ni dai shawarata a dubi sanƙarau, tunda namu ne. Anton Weichselbaum da ya fara ganin ƙwayar a Biyana a 1887 likitan binciken gawa ne. Léon Lapeyssonnie da ya zana iyakar yankin sanƙarau a 1963 likitan sojan Faransa ne, kuma da taswirar ruwan sama ya yi aiki: ya lura annobar tana zaune ne tsakanin inda ake samun ruwa milimita 300 a shekara da inda ake samun milimita 1,100. Emil Gotschlich likita ne da ya koma masanin sinadarai. Brian Greenwood likitan gefen gado ne a Zariya. Dominique Caugant kuma masaniyar gadon halitta ce. Ƙwaya ɗaya ce, amma kowa da tambayar da tarbiyyarsa ta koya masa. Ina so mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ga wane aiki ne har yanzu ba a gama ba.

Malam Nura:
Wa alaikumus salam Dakta. To a fara da 1969, don a ganina duk abin da ake yi yau daga nan ya tsiro. A cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed, Irving Goldschneider da Gotschlich da Malcolm Artenstein sun ɗebi jinin kuratan soja fiye da 14,000 a sansanin Fort Dix tun ranar shigarsu, suka adana. Sai suka jira. Waɗanda daga baya sanƙarau nau'in C ya kama (ana raba ƙwayar nau'i-nau'i, A, C, W da sauransu, bisa irin sukarin da ta yi riga da shi), aka koma aka ciro jininsu na farko aka gwada ko yana iya kashe ƙwayar. Cikin mutum 54 da suka kamu, 3 kaɗai ne jininsu ke da wannan ƙarfin tun farko. Cikin abokan zamansu da ba su kamu ba kuwa, sama da kashi 80 cikin 100 suna da shi. Daga nan aka samu ma'aunin da har yau ake ba allurar sanƙarau lasisi da shi: in an tsarma ruwan jinin mutum sau 4 kuma har yanzu yana kashe ƙwayar, to yana da kariya.

Abin burgewa, ba wata na'ura mai tsada aka yi amfani da ita ba. Firiza ce, da haƙuri, da rajista mai kyau.

Bashir:
Malam, don Allah a ɗan warware yadda ake gwajin. Me ke kashe ƙwayar a cikin farantin, antibodi ne ko ƙwayoyin jini farare?

Malam Nura:
Babu farar ƙwayar jini ko ɗaya a ciki, Bashir. Antibodi, wato furotin da jiki ke yi don gane ƙwayar cuta, shi ne ke manne wa ƙwayar, sai ya kirawo wani jerin furotin na cikin jini da ake kira kwamfilimen, wanda Jules Bordet ya bayyana aikinsa a 1895. Na ƙarshen jerin, daga C5 zuwa C9, su ne ke haɗuwa su huda fatar ƙwayar ta fashe. Shi ya sa wanda aka haifa babu ɗaya daga cikin waɗannan yake kamuwa da sanƙarau sau biyu, sau uku.

Ga yadda ake yi. Za a ɗumama ruwan jinin wanda ake gwadawa a digiri 56 na minti 30, don a kashe nasa kwamfilimen ɗin, a bar antibodi kawai. Sai a tsarma shi ninki-ninki a faranti mai rami 96: sau 4, sau 8, sau 16, har ƙarshen layi. Ƙwayar kuma a shuka ta a farantin jini ta kwana, da safe a sake shuka ta na kamar awa 4 don a same ta tana cikin ganiyar girma, a tsarma ta yadda za a iya ƙirga ta. A zuba ƙwaya, a zuba kwamfilimen na waje, a sa a digiri 37 na minti 60. Daga kowane rami a ɗiga kaɗan a farantin jini, a bari ya kwana, gobe a ƙirga. Rami mafi tsarmuwa da ya kashe rabin ƙwayar ko fiye, shi ne sakamakon.

Inda ake faɗuwa: kwamfilimen ba ya jure wasa. A digiri 70 ƙasa da sifili ake ajiye shi, a narke shi a kan ƙanƙara, abin da ya rage a zubar. In wuta ta ɗauke firiza ta saki ta sake kamawa, duk sakamakonka zai fito ƙasa, ka ɗauka yaran ba su da kariya alhali kayan aikinka ne suka mutu. Na biyu, yaron da aka ba amoksisilin jiya, jininsa zai kashe ƙwayar ko babu antibodi. Dole a bar rami ɗaya mai ruwan jinin da kwamfilimen da aka riga aka kashe da zafi. In ƙwaya ta mutu a wannan ramin, magani ne ya kashe ta, a jefar da sakamakon.

Hajiya Rabi:
Malam Nura ya tsallake wani abu da ake jayayya a kansa. Kwamfilimen ɗin na wa? Su Goldschneider na mutum suka yi amfani da shi. Samun mutumin da jininsa ba shi da antibodin sanƙarau ko kaɗan, kuma ya yarda a riƙa ɗiba, aiki ne ja, shi ya sa aka koma na jariran zomaye. Amma na zomo yana ba da lamba mai girma fiye da gaskiya. Dalili: ƙwayar tana da wani furotin a jikinta da ke cafko fakto H, wato birkin da jikinmu ke taka wa kwamfilimen don kada ya cinye namu ƙwayoyin. Tana lulluɓa da shi, sai jiki ya ɗauke ta tasa ce. To fakto H na mutum kaɗai take iya kamawa, na zomo ba ta iyawa, don haka a jinin zomo tsirara take. Wannan aikin su Dan Granoff ne a Kaliforniya da Christoph Tang a Ingila. Ray Borrow a Manchesta shi da abokan aikinsa suka daidaita ma'aunin zomo a sau 8, bayan Ingila ta fara allurar nau'in C a 1999. Duk wanda ya kawo muku lamba, ku tambaye shi ta zomo ce ko ta mutum kafin ku kwatanta.

Malam Nura:
Gaskiya ne Hajiya, na karɓi gyara.

Alhaji Garba:
Kun fara da Amurka, amma ni da Zariya zan fara. Greenwood ya zo Ibadan a 1965, ya koma Jami'ar Ahmadu Bello a 1970, ya yi shekara 10 kafin ya tafi Gambiya ya shugabanci cibiyar bincike a can daga 1980 zuwa 1995. Tambayoyinsa duk na wanda ke tsaye a kan mara lafiya ne. Ga ɗaki cike, ga yara a ƙasa, ba lokacin jiran ƙwaya ta tsiro kwana biyu, ya za a gane nau'in cikin awa ɗaya? Shi da Hilton Whittle suka nuna tun 1971 ana iya gano sukarin rigar ƙwayar kai tsaye a ruwan laka. Babu ma'aikatan da za su yi wa kowa allura sau huɗu a rana, ya za a yi? A Zariya aka gwada allura ɗaya tak ta maganin kuloramfenikol mai mai, a cinya ko ɗuwawu, aka wallafa a 1979, kuma sunan S. S. Wali ne a gaba a wannan takardar. Wannan allurar ita ta riƙe Afirka a lokutan annoba shekara da shekaru.

Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba. A 1978 Williamson da Greenwood sun nuna yaron da ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba ya amsa allurar sanƙarau nau'in C yadda ya kamata, har bayan makonni. Wanda bai zauna inda maleriya take ba, wannan tambayar ba za ta zo masa a rai ba ma.

Dakta Hadiza:
Ranka ya daɗe, ka bar mafi girma. A yankin Malumfashi su Greenwood sun riƙa goge maƙogwaron mutane rani da damina, suka tarar yawan masu ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwo ba bai canza sosai ba. Ciwon ne ke tashi da rani, ya faɗi da zarar ruwa ya sauka. Ke nan ƙwayar ba ta tafiya ko'ina da damina, tana nan tana yawo daga maƙogwaro zuwa maƙogwaro. Abin da ke canzawa shi ne yadda take ƙetarawa cikin jini. Wannan ita ce tambayar da nake cewa har yau a buɗe take.

Malam Isuhu:
Sannunku da ƙoƙari. A kan wannan, cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai ta yi aiki mai yawa. Jean-François Jusot da masu bincike na Libaful sun haɗa alƙaluman masu ciwon da na zafi da ƙura, suka ga suna tafiya tare. Sai suka shaƙa wa ɓeraye ƙura da zafi bayan an sa musu ƙwayar nimoniya a hanci, ƙwayar ta yawaita ta sauka cikin huhu da jini. Amma a lura, ƙwayar nimoniya ce aka yi da ita ba ta sanƙarau ba, don ta sanƙarau ba ta zama a hancin ɓera. Ƙarfen da take ci ma daga furotin na mutum kaɗai take iya zarowa.

A ɓangaren ƙwayar kanta, ɗakin binciken Tang ya nuna a 2013 tana da abin jin zafi a cikin RNA ɗinta, wato saƙon da take karantawa ta ƙera furotin. In zafi ya hau, sai ta ƙara kaurin rigar sukari, ta ƙara furotin mai kama fakto H. Wato mai mura da zazzaɓi, ƙwayar da ke maƙogwaronsa ta riga ta sa sulke kafin ta shiga jini.

Alhaji Garba:
Malam Isuhu, wannan zafin jikin mutum ne ba zafin watan Afrilu ba. Kada a haɗa su.

Malam Isuhu:
Haka ne Alhaji, ban ce abu ɗaya ba ne. Na kawo shi ne don a ga mai duba iska da mai duba RNA tambaya ɗaya suke zagayawa, kowa ta gefensa.

Hajiya Rabi:
Ni fa ban yarda da Alhaji ba in yana nufin aikin asibiti ne ya kawo ƙarshen nau'in A, wanda a da shi ke haddasa mana manyan annoba. Masana sinadarai ne. Tun shekarun 1940 an gwada yin allura da sukarin rigar ƙwayar, bai yi ba, saboda yana gutsurewa wajen tacewa, ƙananan gutsattsari kuwa jiki ba ya kula su. Gotschlich ya yi amfani da sinadarin Cetavlon ya kwantar da sukarin da sauri tun bai karye ba, ya samu dogayen sarƙoƙi, ya fara gwadawa a jikinsa. Wannan ita ce allurar da aka riƙa kawo mana in annoba ta ɓarke. Raunin ta kuwa sananne ne: sukari tsagwaronsa ba ya tada ƙwayoyin T masu ba da umarni a garkuwar jiki, ƙwayoyin B masu yin antibodi kaɗai ke amsawa, don haka jiki ba ya riƙe tunawa. A Burkina Faso an ga kariyar yaran da ba su kai shekara 4 ba ta zube cikin shekara biyu zuwa uku. Kuma ba ta share maƙogwaro, wanda aka yi wa zai iya ci gaba da rarrabawa. Shi ya sa duk da akwai allura, a 1996 Nijeriya ta lissafa masu ciwon fiye da 100,000, mutum fiye da 11,000 suka rasu, kamar yadda Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa suka tattara.

Maganin shi ne a ɗaure sukarin da furotin. Avery da Goebel sun nuna hakan tun 1929, aka bar shi a takarda. John Robbins da Rachel Schneerson, dukansu likitocin yara ne da suka koma sinadarai, su suka raya shi a kan Hib, wata bakteriya daban mai jawo wa yara sanƙarau, a shekarun 1980. In ƙwayar garkuwa ta B ta kama sukarin, sai ta haɗiye har da furotin ɗin, ta nuna wa ƙwayar T gutsurensa, ita kuma ta ba ta umarnin yin antibodi mai inganci da ajiye tunawa.

Dakta Hadiza:
Kuma ko wannan ɗin, Hajiya, da bai iso mu ba sai da aka sa farashi a gaba. Shirin allurar nau'in A mai ɗaure da furotin ya fara a 2001 tsakanin ƙungiyar lafiya ta PATH da Hukumar Lafiya ta Duniya, da dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates, Marc LaForce na jagora. Jami'an lafiya na Afirka suka ce masa in ta wuce santi 50 na dala ba za su iya saya ba. Sai aka haɗa ta gida uku: sukarin nau'in A daga wani kamfani a Amsadam, hanyar ɗaurewa daga Che-Hung Robert Lee da Carl Frasch na hukumar magunguna ta Amurka, furotin tetanus da sarrafawa daga Serum Institute a Indiya. Samba Sow na Bamako yana cikin waɗanda suka jagoranci gwaji a kan yara a Mali da Gambiya. Aka ƙaddamar da allurar, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso ranar 6 ga Disamba 2010, Mali da Nijar a wannan watan, Nijeriya daga 2011. A Cadi, Doumagoum Daugla da abokan aikinsa sun ga ciwon ya ragu da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi allurar, ɗaukar nau'in A a maƙogwaro kuma ya ragu da kashi 98.

Alhaji Garba:
To wa ya goge maƙogwaron da aka samu wannan kashi 98 ɗin? Shirin MenAfriCar ne, na binciken masu ɗauke da ƙwayar, wanda Greenwood ya jagoranta, a ƙasashe 7 har da Nijeriya da Nijar. Ba gardama nake da mai sinadari ba, Hajiya. Cewa nake shi ba zai san allurarsa ta yi aiki ba sai an shiga ƙauye da sandar auduga.

Sister Ladi:
Tunda an zo kan allurar, bari a faɗi yadda take a hannu. Gari ce busasshiya a kwalba mai ɗaukar mutum 10, don sukarin nau'in A ba ya daɗewa a cikin ruwa, haɗin fosfet ɗinsa kwancewa yake. Ruwan haɗinta daban yake zuwa, yana da sinadarin alminiyam a ciki, kada ya daskare, kuma kada a musanya shi da ruwan allura na gama-gari. Rabin mililita ake yi a tsoka. In an haɗa, bayan awa 6 a zubar da ragowar ko da mutum biyu kaɗai aka yi wa. Ta 'yan shekara 1 zuwa 29 maikirogiram 10 ce, ta jarirai 5, ba a musanya su. Kwalbar da ba a haɗa ba tana jure zafi har digiri 40 na kwana 4, an fara aiki da hakan a Banikoara ta ƙasar Benin a 2012, amma sau ɗaya ake fitar da ita haka, ba a mayar da ita firji a sake fitarwa. A Nijeriya ta shiga jerin allurar yara na wata 9 tun 2019.

Bashir:
In nau'in A ya tafi, daga ina nau'in C da ya jawo annobar Zamfara ta 2017 ya fito?

Malam Isuhu:
Nan ne aikin masu gadon halitta. Caugant ta fara ne da nazarin bambancin bakteriyar E. coli, daga baya ta koma Oslo, inda cibiyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aika wa ƙwayoyin sanƙarau take. A 1998 Martin Maiden da abokan aikinsa, har da ita, suka fito da tsarin ba kowace ƙwaya lamba ta hanyar karanta gutsattsarin DNA, yau guda 7 ake karantawa. Wadda ta ɓulla a Sakkwato da Kabi daga 2013, ta mamaye Yamai da Doso a 2015, ta kama fiye da mutum 14,000 a Nijeriya a 2017, lambarta ST-10217, kuma ba a taɓa ganinta ba kafin nan. Da aka karanta DNA ɗinta kaf, sai aka ga 'yar maƙogwaro ce marar riga, irin wadda ba ta cutarwa, ta tsinci gutsuren DNA mai ɗauke da tsarin rigar C daga wata ƙwayar. Wannan halinsu ne, suna ɗaukar DNA daga maƙwabta. Kafin ita an ga nau'in W bayan aikin Hajjin 2000 da annobar Burkina Faso ta 2002, an ga X a Nijar a 2006. Shi ya sa aka yi allurar Men5CV mai nau'i biyar, A, C, W, Y da X, wadda Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da ita a Maris 2024.

Sai kuma gwaje-gwajen fili na ƙasar Hausa ta Nijar. A Maraɗi da Damagaram aka nuna a 2003 allura ɗaya ta maganin seftiriyazon ba ta gaza kuloramfenikol mai mai ba. A Madarunfa a 2017 aka raba wa ƙauye gaba ɗaya maganin sifurofuloksasin sau ɗaya da zarar an samu mai ciwon, sababbin kamuwa suka ragu da kusan kashi 60.

Malam Nura:
Amma duk wannan lambar ta DNA ba a samun ta sai ƙwaya ta isa leb da rai, kuma nan ne muke asara. Ƙwayar sanƙarau ba ta son sanyi, ba ta son bushewa, kuma tana narkar da kanta. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa ruwan laka a firji ko a kula mai ƙanƙara don gudun kada ya lalace. Sanyin ne ke kashe ta. In leb na kusa, a shuka cikin awa ɗaya a farantin jini da na cakulan, digiri 35 zuwa 37, da iskar kabon kashi 5. In babu injin, a sa farantan a gwangwani mai murfi, a kunna kyandir a ciki a rufe, in ya mutu da kansa iskar ta yi daidai. In leb na nesa, sai kwalbar T-I, mai abincin da ke riƙe ƙwayar da rai a hanya: a fito da ita daga firji ta huce, a goge robar bakin da sifirit a bari ya bushe, a zuba mililita 1. In ba za ta isa cikin awa 24 ba, a soka mata allura mai toshiyar auduga don ta sha iska, a cire kafin a ɗora a mota. Ruwan kwalbar in ya yi duhu ko ya sauya launi tun kafin a zuba komai, ta gurɓace. Wani mililita 1 kuma a zuba a ƙaramin bututu don PCR, gwajin da ke gano DNA ɗin ƙwayar ko ta mutu, wannan shi ne ke son sanyi, a daskarar da shi. Bututu biyu, ɗaya ɗumi ɗaya sanyi, kuma sau da yawa a akwati ɗaya ake cusa su.

Dakta Hadiza:
A ƙara da cewa ba a jinkirta magani don jiran ɗibar ruwan laka. In an riga an yi seftiriyazon ƙwayar ba za ta tsiro ba, amma PCR zai gan ta, don haka a ɗiba duk da haka.

Bashir, in kana neman gurbi, ga shi. Yaran da aka yi wa MenAfriVac suna 'yan shekara 1 zuwa 4 su ne antibodinsu ya fi saurin sauka. Yanzu ga Men5CV ta shigo, kuma nau'in X ba a taɓa yi masa allura ba kafin ita. Shekara nawa kariyar za ta kai a jikin yaron Jigawa mai fama da maleriya duk damina, ko mai sikila da saifarsa ta daina aiki? Amsar tana buƙatar abin da aka yi a Fort Dix: a ɗebi jini kafin allura, bayan kwana 28, bayan shekara, bayan shekara 5, a kuma goge maƙogwaro.

Hajiya Rabi:
Gogewar ma da ƙa'idarta. Bayan beli ake kaiwa, bangon maƙogwaro da gefen 'yan wuya, ba saman harshe ba, kuma a shuka nan take a farantin Thayer-Martin mai magungunan da ke hana sauran ƙwayoyin baki tsirowa. Za a samu Neisseria lactamica da yawa a ƙananan yara, tana kama da ta sanƙarau a faranti, ita ma tana amsa gwajin oksides. Bambancin, tana cin sukarin madara, ta sanƙarau kuwa gulukos da maltos kaɗai take ci. Kada a watsar da ita, a rubuta ta, don Robert Read da abokan aikinsa sun ɗiga wa ɗaliban jami'a ita a hanci a Ingila, ta kori ta sanƙarau daga maƙogwaron da yawa daga cikinsu.

Malam Nura:
Kuma faranti ya shiga gwangwanin kyandir tun a ƙauyen, ya isa inkubeta cikin awa 6. Ruwan jinin kuwa a raba shi bututu uku tun ranar farko, kowane da lambarsa, don kada a narke guda ɗaya sau uku.